Yadda zaka gano ƙauyen da kakanka ɗan Ayilan ya fito, ta hanyar takardu da gwajin DNA

Abu na farko, kar ka fara da Ayilan, wato Ireland. Na san maganar zata yi maka wani iri tunda can ɗin kake nema, amma kusan duk wanda ya maƙale a wannan bincike a nan ya maƙale. An gaya masa a gida cewa kakan kakansa ɗan Ayilan ne, sunansa a ce Patrick Murphy, sai ya buɗe intanet ya rubuta sunan, masu sunan nan su fito masa rututu, ya ɗauki wanda shekarunsa suka ɗan yi kama ya ce ai shi ne. Murphy shi ne sunan dangi mafi yawa a ƙasar gaba ɗaya, Kelly na biye da shi, kuma Patrick da John da Mary da Bridget kusan kowane gida akwai su. To da wace hujja ka ware naka?

Abin da kake farauta ba "Ayilan" bane, ba ma gunduma ba, irin su Cork ko Mayo ko Kerry, duk da samun gundumar ma ci gaba ne. Kana neman abin da suke kira tawunlan, wato ɗan yankin ƙasa mafi ƙanƙanta a karkararsu, kamar dai a ce unguwa ɗaya cikin ƙauye, wani gidaje goma ne kawai a ciki, wani ma bai kai ba. Sun haura 60,000 a tsibirin. Idan baka samu tawunlan ba, ko aƙalla farish, wato yankin da coci ɗaya ke kula da shi, to takardun Ayilan ba zasu amfane ka da komai ba, don an tsara su ne bisa wuri, ba bisa suna ba.

Kuma masu wannan nema suna da yawa. A Amurka kaɗai sama da mutum miliyan 30 ke cewa suna da jinin Ayilan. Yunwar da ta biyo bayan lalacewar dankali daga 1845 zuwa 1852 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan ɗaya suka tsallake teku, kuma hijirar bata tsaya ba shekaru da dama bayan nan. Muhammad Ali ɗan dambe ma kakan mahaifiyarsa, Abe Grady, mutumin garin Ennis ne a gundumar Clare, har Ali ya ziyarci garin a 2009. Obama kuma ta wajen uwa an bi sawun ɗaya daga kakanninsa, Falmouth Kearney, har ƙauyen Moneygall, wanda ya bari a 1850. Duka biyun da takarda aka gano su, ba da jita-jita ba. Yau kuma akwai 'yan uwanmu da suka yi aure a Ingila ko Amurka ko Kanada, yaransu sun taso suna tambayar dangin ɗaya ɓangaren.

To daga ina zaka fara? Daga ƙasar da mutumin ya sauka ya rayu ya mutu. Ka zauna da tsofaffin gidan tukuna, ka tambaye su komai, ka naɗi muryarsu a waya idan sun yarda. Sunan matarsa kafin aure, sunayen 'yan uwansa, cocin da suke zuwa, inda aka binne shi, ko akwai tsofaffin wasiƙu ko katin jana'iza ko Baibul ɗin gida da ake rubuta haihuwa a bangonsa. Ko da tsohuwa ta faɗi sunan wuri a karkace, rubuta shi yadda ta faɗa, kar ka gyara mata. Sau da yawa wannan karkataccen sunan shi ne tawunlan ɗin, malamin da ya rubuta a Amurka ne bai iya shi ba.

Daga nan ka bi takardun ƙasar a baya-baya, daga mutuwa zuwa aure zuwa isowa. Idan Amurka ce, ƙidayar jama'a daga 1850 tana kawo sunan kowa a gida, amma wurin haihuwa "Ayilan" kawai zata ce maka. Ta 1900 ta fi amfani don tana faɗin shekarar da mutum ya shigo. Ta 1890 kar ka wahalar da kanka, gobara ta lalata mafi yawanta a 1921. Jerin fasinjojin jirgin ruwa ma mutane suna ɗora musu buri da yawa, alhali na zamanin yunwa suna, shekaru, sana'a da ƙasa ne kawai a ciki, kuma da yawa daga Liverpool suka hau jirgi ba daga Ayilan ba. Amma idan kakan naka ya makara bai zo ba sai bayan 1906 ko 1907, ka yi sa'a, don a lokacin an fara rubuta garin haihuwa da suna da adireshin ɗan uwa mafi kusa da aka baro a gida. Takardun zama ɗan ƙasa ma daga ƙarshen 1906 suka fara faɗin wurin haihuwa dalla-dalla. Idan mace kake nema, ka sani kafin 1922 matar aure tana bin mijinta ne a zama 'yar ƙasa, don haka takardar mijin zaka nema.

Wurare uku ne na fi so mutane su duba, don su ne suka fi faɗin sunan ƙauye kai tsaye. Na ɗaya dutsen kabari. 'Yan Ayilan na wancan zamanin, musamman Katolika, suna son a sassaƙa musu cewa wane ɗan asalin farish kaza ne a gunduma kaza. Mutum ya yi shekara arba'in a Boston ko Philadelphia amma a kan kabarinsa sunan ƙauyensu ya sa aka rubuta, wannan abin yana taɓa ni duk sanda na gani. Na biyu tallan cigiya na jaridar Boston Pilot, wanda aka riƙa bugawa daga 1831 zuwa 1921. Uwa ko ƙanwa ko mata zata biya a buga cewa ana cigiyar wane, ɗan tawunlan kaza, ya taso a jirgi kaza shekara kaza, rabon da a ji ɗuriyarsa tun yana aikin layin dogo a wuri kaza. Dubbai ne, kuma an tattara su ana iya bincikawa. Na uku littattafan bankin Emigrant Savings na New York da aka kafa a 1850. Da yake da yawa daga masu ajiya basu iya sa hannu ba, sai bankin ya riƙa yi musu tambayoyin da zai gane su da su ranar cire kuɗi: ina aka haife ka, wane jirgi ya kawo ka, sunan babanka, sunan mamarka, 'yan uwanka nawa kuma suna ina. Layi ɗaya a littafin nan zai iya baka abin da shekara biyu na bincike bai baka ba.

Idan Sikotilan ya nufa, ka ma fi kowa sa'a. Tun 1855 takardar mutuwarsu tana kawo sunan uba da sunan uwa har da sunan gidansu kafin aure, takardar haihuwar yaro kuma a mafi yawan shekaru tana faɗin inda iyayensa suka ɗaura aure, kaga idan a Ayilan aka ɗaura to wurin ya fito. Ostireliya ma haka, takardun mutuwa na Victoria da New South Wales suna da bayani sosai, kuma jerin waɗanda gwamnati ta biya wa kuɗin jirgi yakan faɗi garinsu da iyayensu. Kanada ta fi wuya a shekarun farko, sai dai ka dogara da littattafan coci da takardun fili.

Wata dabara da mutane ke rainawa, kar ka bi kakanka shi kaɗai. Ka bi ƙannensa, ka bi waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa a baftisma, ka bi shaidun aurensa, ka bi maƙwabtansa a ƙidaya. Mutanen nan ba ɗaiɗai suke tafiya ba, wanda ya riga zuwa shi ke aiko da kuɗin jirgi wa na baya, sai kaga layi guda a wani gari na Amurka duk 'yan farish ɗaya ne. Naka bai bar komai a rubuce ba, amma ƙanwarsa da ta mutu a 1915 takardarta ta faɗi komai.

To yanzu a ce ka samu wuri. Sai ka tsallaka Ayilan.

Zaka ji ana cewa ai duk takardun Ayilan sun ƙone. Rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiyar nan ta sa mutane da yawa sun haƙura tun basu fara ba. Abin da ya faru shi ne a ƙarshen watan Yuni na 1922, a farkon yaƙin basasarsu, ofishin adana takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ya tarwatse ya ƙone. Ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851 suka tafi sai 'yan gutsattsari, wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru suka tafi, da littattafan cocin Church of Ireland, wato na Angilika, masu yawa. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa ba wuta ce ta ci su ba, gwamnati da kanta ta lalata su tun kafin nan. Asara ce babba wallahi. Amma littattafan cocin Katolika basa cikin ginin, rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati bata ciki, takardun kimanta filaye basa ciki, kuma ƙidayar 1901 da 1911 suna nan cif, kyauta a shafin National Archives na Ayilan.

Rajistar gwamnati ta fara da auren waɗanda ba Katolika ba a 1845, sai a 1864 aka fara rubuta haihuwa da aure da mutuwar kowa. Shafin irishgenealogy.ie yana nuna hoton takardun kyauta, haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50. Gundumomi shida na arewa, wato Ayilan ta Arewa, bayan rabuwar ƙasar kuma sai ka nufi ofisoshin Belfast, wato GRONI da PRONI. Ko da an haifi naka a 1855 kar ka tsallake wannan rajista, don iyali na haihuwar yara takwas ko goma cikin shekara ashirin, autan gidan zai iya faɗowa bayan 1864, kuma takardarsa zata baka tawunlan da sunan uwa kafin aure. Kar kuma ka yi mamaki idan kaga ranar baftisma ta riga ranar haihuwa. Akwai tara ga wanda ya makara wajen rajista, shi ya sa iyaye kan matso da ranar gaba. Ranar coci ita ce ta fi kusa da gaskiya.

Kafin 1864 kuwa littafin coci ne gatanka. Laburaren ƙasa na Ayilan ya ɗora hotunan littattafan Katolika a registers.nli.ie tun 2015, kyauta, har zuwa wajen 1880. Ka shirya idonka dai. Shafi ne baƙi da fari, rubutun limamin coci da alƙalamin tawada, wani wurin tawadar ta dushe wani wurin ta huda zuwa bayan takarda, layi-layi a cunkushe: rana, sunan jariri, uba, uwa, masu tsayawa biyu, wani lokaci da sunan tawunlan a gefe da kuɗin da aka biya. Da yawa da Latin aka rubuta, James zai koma Jacobus, William ya koma Gulielmus, John ya koma Joannes, amma sunan dangi baya canzawa. Shafukan binciken dangi na Ancestry da Findmypast sun yi musu jerin sunaye, RootsIreland ma na da nasa na kuɗi, sai dai ni ban yarda ka tsaya a jerin ba, ka buɗe hoton ka gani da idonka, gani ya kori ji, don masu kwafa suna kuskure sosai. Matsalar ita ce ba lokaci ɗaya littattafan suka fara ba. Na birane kamar Dublin da Cork da Waterford wasu sun kai shekarun 1700, amma a yamma, irin su Mayo da Donegal inda talauci ya fi tsanani kuma aka fi yin hijira, wasu farish sai wajen 1850 ko bayan haka suka fara. Idan naka daga can yake, akwai iyakar da takarda ba zata wuce ba, gara ka sani tun yanzu.

Sunaye ma sai ka sassauta. O da Mac na gaban suna ana cire su ana mayarwa yadda aka ga dama, Sullivan da O'Sullivan mutum ɗaya ne. Bridget zata iya zama Delia ko Biddy, Margaret ta zama Peggy, Jeremiah ya zama Darby, Owen ya zama Eugene. Shekaru kuwa kar ka rantse a kansu ko kaɗan, mutanen basu damu da ranar haihuwa ba, bambancin shekara biyar ba komai bane. Idan ka gwada ƙidayar 1901 da ta 1911 zaka ga tsofaffi da yawa sun ƙara shekara goma sha biyar ko fiye cikin shekara goma, dalili kuwa dokar fanshon tsufa ta 1908 ce da ta ba 'yan shekara 70 kuɗi. Wannan fanshon ma ya bar mana alheri, don masu nema da basu da takardar haihuwa an riƙa duba musu ƙidayar 1841 da 1851 kafin ta ƙone, kuma fom ɗin binciken da yawa suna nan. Akwai kuma al'adar sa suna: ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa. Ba doka bace amma tana nuna hanya.

Sai kimanta filaye na Griffith, wanda aka buga daga 1847 zuwa 1864, kyauta a askaboutireland.ie. Shi ke maye gurbin ƙidayar da ta ɓata. Yana faɗin wanda ke riƙe da kowane gida da gona, wanda ya ba shi haya, girman filin da kimarsa, kuma akwai taswira mai lamba da zaka iya ɗorawa kan ta yau kaga ainihin gonar. Masu riƙe da gida ko gona kawai yake kawowa, ba sauran iyali ba. Inda masu suna ɗaya suka yi yawa a tawunlan sai a ƙara sunan uban kowa a gefe don a bambance su, wannan ƙarin kuwa tsara guda ce ka samu a ɓagas. Bayansa akwai littattafan gyara da aka ci gaba da rubutawa, ana soke sunan wanda ya mutu ko ya tafi a rubuta na magajinsa da tawada mai wani launi, har zuwa ƙarni na 20. Da su zaka bi gonar har ka iso ga dangin da ke wurin yanzu. Kafin Griffith kuma akwai littattafan zakkar coci na 1823 zuwa 1837.

Yanzu maganar DNA. Kason nan da kamfani zai nuna maka, wai kashi 23 cikin ɗari Ayilan, shi ne abin da kowa ke ɗauka yana yaɗawa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Kiyasi ne, yana canzawa duk sanda suka sabunta lissafi, kuma jinin Ayilan da Sikotilan da Wales ya cakuɗe. Amfanin gwajin yana cikin jerin mutanen da kuka yi tarayya a jini.

Gwajin da zaka fara da shi shi ne na gaba ɗaya, wanda ke duba ɓangaren uwa da na uba, irin na AncestryDNA ko MyHeritage ko FamilyTreeDNA. Ancestry ya fi yawan mutane kuma baya karɓar sakamakon wani kamfani, don haka da yawa suna farawa da shi sannan su sauke fayil ɗin su ɗora a FamilyTreeDNA da GEDmatch, wani shafin kwatanta sakamakon DNA. Kuma don Allah ka fara gwada mafi tsufa a gidan, kaka ko kawu ko goggo, tun suna raye. Kowace tsara rabin abin ke raguwa, abin da kakarka ke ɗauke da shi na kakanta kai ɗan kaɗan ya iso maka. Ana auna kusanci da abin da ake rubutawa cM. 'Ya'yan wa da ƙani sukan yi tarayya a wajen 850, jikokinsu wajen 230, tattaɓa kunne wajen 70 zuwa 75, daga nan abin sai ya yi ta sirancewa har wasu dangin na gaskiya ba zasu fito maka ba sam. Shafin DNA Painter yana da ma'aunin da zaka sa lambar ya nuna maka dangantakar da zata iya yiwuwa.

Aikin shi ne ka ware mutanen rukuni-rukuni. Ka ɗauki wanda ka tabbatar ta ɓangaren ɗan Ayilan ɗin kuka haɗu, ka duba su waye kuke tarayya da su ku biyun, ka buɗe bishiyar kowannensu, kana neman sunan wuri ɗaya da ke ta maimaituwa. Idan mutum shida da basu san juna ba, ɗaya a Sydney ɗaya a Chicago ɗaya a Manchester, duk kakanninsu sun fito daga farish ɗaya a Clare, to ka san inda zaka buɗe littafin coci. Wanda ya fi kowa daraja a jerin shi ne wanda har yau yana zaune a Ayilan kuma kakanninsa huɗu duk 'yan yanki ɗaya ne. Ka rubuta masa saƙo gajere cikin ladabi, ka faɗi sunaye da shekaru da wurin da kake zato, kar ka tura masa tarihin gidanku gaba ɗaya a saƙon farko. Wasu ba zasu amsa ba, ka yi haƙuri, ba dole bane a kansu.

Hattara ɗaya a nan, a karkarar Ayilan an daɗe ana auren juna tsakanin gidaje ƙalilan, saboda haka lambar cM takan kumbura, wanda ya fito kamar na kusa sai ya zama na nesa ne ta hanyoyi uku. Ƙananan lambobi kuma, ƙasa da 15 ko 10, kar ka gina komai a kansu su kaɗai.

Idan layin maza zalla kake bi, uba zuwa uba, akwai gwajin Y na FamilyTreeDNA, maza kaɗai ke yinsa, idan ke mace ce sai ki sa ɗan uwanki ko baffanki. Yana tafiya da sunan dangi, kuma akwai ƙungiyoyin sunaye da zaka shiga kyauta a kwatanta ka da sauran masu sunan. Zai iya nuna maka yanki, misali alamar M222 ta fi yawa a arewa maso yammacin tsibirin, amma ba zai ce maka ga sunan kakanka ba. Na ɓangaren uwa zalla kuwa yana komawa nesa ƙwarai, ba kasafai yake warware irin wannan tambayar ba, ni zan ce ka ajiye kuɗinka.

Kafin ka tofa yawu a kwalbar gwajin ka yi tunani, kuma ka gaya wa duk wanda zaka gwada gaskiya. Gwajin yana tono abin da aka binne. Uban da ba shi ne uba ba, ɗan da aka bayar aka ɓoye, kuma a Ayilan wannan ba ƙaramin ciwo bane saboda gidajen da aka riƙa tsare matan da suka haihu ba aure, aka ba da 'ya'yansu reno har zuwa Amurka. Sai a 2022 aka yi dokar da ta ba irin waɗannan 'ya'ya cikakken haƙƙin ganin takardun haihuwarsu. Idan irin wannan ya faɗo maka a jeri, mutum ne mai rai a ɗaya gefen, ka bi shi a hankali. Ka kuma karanta saitin sirri na kowane shafi, musamman GEDmatch inda kai ne zaka zaɓa ko 'yan sanda su iya kwatanta bayananka ko a'a.

Duk abin da DNA ya nuna, ka koma ka ɗaure shi da takarda: sunan uba da uwa su yi daidai a ɓangarorin teku biyu, sunayen 'yan uwa su yi daidai, kuma ka tabbatar wanda ka samu a littafin cocin bai ci gaba da zama a ƙauyen yana haihuwa ba a lokacin da naka yake Amurka. Wannan binciken na ƙarshe mutane da yawa basa yinsa, kuma shi ke rushe yawancin bishiyoyin da ake kwafa a intanet. Idan sunan wurin ya rikice maka, logainm.ie da townlands.ie zasu taimaka wajen gano yadda ake rubuta shi da farish ɗin da yake ciki, ka lura kuma farish na gwamnati daban yake da na Katolika, iyakokinsu da sunayensu ba lallai su zo ɗaya ba. Masu aikin sa kai na Ireland Reaching Out suna amsa tambaya farish-farish, wani lokaci har su raka baƙo zuwa maƙabarta da kangon gidan.

Masu yi don fasfo kuma, ƙa'idar ita ce idan kakanka ko kakarka, wato iyayen babanka ko na mamarka, a tsibirin aka haife su, zaka iya neman shiga rajistar haihuwar waje ta Ayilan ka zama ɗan ƙasa, kuma takardun gwamnati na asali zasu nema na tsara ukun, ba sakamakon DNA ba. Idan kakan kaka ne, sai dai in mahaifinka ko mahaifiyarka sun riga sun yi rajistar kafin a haife ka.